Yadda Ake Ɗaukar Hoton Galaksi Daga Gude Ba Tare da Madubin Hangen Nesa Ba

Duk wanda ya ga hoton galaksi a waya, wani farin dunƙule mai hannaye a murɗe cikin baƙin sarari, abin da ke fara zuwa masa shi ne kuɗi. Zai ce wannan aikin hukumar NASA ne, ko na attajirin da ya mallaki madubin hangen nesa na miliyoyin naira. Wannan zaton ya hana mutane da yawa gwadawa, alhali a kan kuskure aka gina shi. Galaksi tari ne na biliyoyin taurari. Ranarmu tana cikin guda, kuma farar hanyar nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, wadda Larabawa ke kira Majarra, shi ne namu galaksin muke hange daga cikinsa. Mafi kusa da mu cikin manya ita ce Andromeda, wadda haskenta ke yin shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso, amma duk da wannan nisa faɗinta a sama ya kai kusan digiri 3, wato sai an jera cikakken wata shida kafin a rufe ta. Abin da ya kai haka ba ya neman a ƙara masa girma. Raunin haske ne ya ɓoye ta, kuma maganin raunin haske a tara shi. Tarawar nan abu biyu take so, sama mai duhu da lokaci mai tsawo, kuma babu kantin da ke sayar da ko ɗaya. Saboda haka matashin da ke zaune a Gude, ko wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, wanda zai iya aron kyamarar mai hoton biki, ya riga ya riƙe kason da ya fi wuyar samu a wannan aiki. Abin da ya rage masa sanin tsari ne.

Wannan magana tana da hujja. A 2016 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi suka fitar da taswirar yadda hasken lantarki ya mamaye saman duniya da dare, inda suka nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune. A Turai kashi 60 ne cikin 100, a Arewacin Amurka kusan kashi 80. Cikin ƙasashen da samansu ya fi tsira akwai Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Dalilin da ya sa wannan ya shafi mai hoto lissafi ne mai sauƙi. Kyamara ba ta san bambancin hasken galaksi da hasken fitilun gari da ya watsu cikin iska ba, duka take haɗiyewa. Idan saman wani wuri ya ninka na wani haske sau goma, mai ɗauka a can sai ya shafe kusan awa goma kafin ya samu tsabtar hoton da ɗan'uwansa zai samu a awa ɗaya a wuri mai duhu, ko da kayansu iri ɗaya ne. Shi ya sa masu wannan sha'awa a Turai ke tafiyar awanni a mota suna neman duhu, wasu har su yi hayar wuri a Namibiya ko Chile su girke na'urorinsu. Gude tana yamma da birnin Kano, don haka hasken birnin ta gabas zai ɓullo, ƙasa-ƙasa. Dabara ita ce a bari abin da ake nema ya hau sama sosai, ko ya karkata yamma, kafin a fara. Wadda ta fi Kano ɓarna ma ita ce fitilar solar ƙofar gida ko ta bakin titi, mai harba farin haske kai tsaye cikin lens. Katanga ko rumbu ko zana, duk abin da zai shiga tsakanin kyamara da fitilar ya wadatar.

Bayan duhu akwai wata baiwar da ba a cika lura da ita ba, wato mazaunin yankin a doron ƙasa. Gude da Gwarzo suna kusan digiri 12 arewa da layin ikwaita, kuma daga nan kusan duk samaniya, ta arewa da ta kudu, tana bi ta gaban mutum a cikin shekara. Omega Centauri, dunƙulen taurari kusan miliyan 10 mai faɗin cikakken wata, ba ya taɓa fitowa a Landan, a nan kuwa yana hawa digiri 30 ta kudu. Andromeda tana kai digiri 61 ta arewa, gajimaren Orion, inda ake haifar sababbin taurari, ya haura 70. Dare ma bai cika sauyawa ba. A Landan akwai kusan wata biyu a tsakiyar shekara da cikakken duhu ba ya sauka ko kaɗan, mu kuwa muna samun awa takwas da rabi zuwa goma a kowane dare. Masana falaki suna lissafin cikakken duhu daga lokacin da rana ta nutse digiri 18, kuma kusan da wannan ma'aunin ake lissafin ɓacewar shafaƙi da ketowar alfijir. Ke nan lokacin aiki kowa ya san shi: daga isha'i zuwa asuba.

Tarihin sana'ar ya tafi a kan wannan layi. Abdurrahman al-Sufi, masanin taurarin da ya yi aiki a Isfahan, ya ambaci Andromeda a littafinsa wajen shekarar 964, ya siffanta ta da ɗan gajimare, kuma da ƙwayar ido ya gan ta. Bayan zuwan madubin hangen nesa an yi fiye da shekara 250 ana leƙa ta ba a gane siffarta ba, domin ido ba ya ajiye haske, abin da ya shigo cikin ƙiftawa shi ke nan. Sai a 1888 Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine a Ingila wanda taurari sha'awa ce kawai a wurinsa, ya bar farantin hoto a buɗe na tsawon awanni, murɗaɗɗun hannayen suka fito. Gaskiya ne madubinsa faɗin inci 20 gare shi. Amma farantin zamaninsa bai kama fiye da ɗaya ko biyu cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa ba, sensar kyamarar yau kuwa tana kama kusan rabi.

To yaushe ake fita? A nan mai jayayya yake da magana mai ƙarfi. Zai ce duhu kaɗai bai isa ba, rabin shekara hadari, rabi hazo. Akwai gaskiya a ciki. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ke mulki, kuma abin takaici a daidai lokacin ne tsakiyar Majarra, inda ta fi kauri da kyau, take sama da farkon dare. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris kuma iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Chadi, ta shimfiɗa ta har taurarin ƙasa-ƙasa su ɓace. Amma tsakanin biyun akwai kaka. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa saukar hazo, damina ta wanke iska, ƙura ba ta iso ba, kuma a wannan tsakanin ne Andromeda ke kai ƙololuwarta, wajen sha biyun dare a farkon Oktoba, wajen ƙarfe goma a farkon Nuwamba. Ko cikin hunturun ma hazo yana zuwa yana lafawa, kuma abin da ke tsakar ka bai cika shan wahalarsa ba, domin hasken tauraron da ke digiri 30 yana ratsa iska ninki biyu na wanda ke bisa kai, na digiri 12 kuwa kusan ninki biyar. Kaza da 'Ya'yanta da gajimaren Orion duk ta can sama suke bi a Disamba da Janairu. Gwajin da ba ya cin ko sisi shi ne a duba arewa bayan isha'i. In ana ganin tauraron arewa, Polaris, wanda a nan digiri 12 kawai ya ɗaga daga ƙasa, iska ta yi tsabta, a fito da kaya. In bai fito ba, a tsaya kan abin da ke can sama, ko a je a kwanta. Sai kuma farin wata, wanda ya fi kowace fitila ɓata aiki. Mai bin kwanan watan Musulunci ba ya bukatar a gaya masa: daga 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo kusan duk daren duhu ne, daga 19 zuwa 24 wata na makarar fitowa sai a yi aiki da farkon dare, daga 5 zuwa 10 kuma a jira ya faɗi. Sauran kwanakin na zama gaban kwamfuta ne.

Kayan aikin ba su wuce abin da masu hoton biki da 'yan fim na Kano ke riƙe da shi kullum ba. Kyamara mai cire lens, Canon ko Nikon ko Sony, ko da ta hannu ce da ta shekara goma, muddin tana barin mutum ya saita komai da kansa kuma tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Lens ɗin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne ɗan ƙaramin nan mai milimita 50 da buɗewar f/1.8, wanda masu hoton amare ke so saboda yana narkar da bayan hoto. Faɗin bakinsa ne amfaninsa a nan. Mai milimita 135 ko 200 zai fi cika hoto da Andromeda, sai dai ya fi wuyar sarrafawa. Sai istan mai ƙafa uku wanda ba ya rawa, a rataya masa jakar yashi a tsakiya, da ɗan rimot mai danna hotuna a jere ba tare da hannu ya taɓa kyamara ba, da batir biyu cikakku, da memori mai fili, domin ɗanyen hoto ɗaya kan ci kusan megabait 25, guda 400 ke nan gigabait 10. A rufe bakin tocila da jar leda, saboda ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske na ɗan lokaci kuma ya mai da hannun agogo baya. Wanda zai ba da aron kyamara ya cancanci a gaya masa gaskiya: dare ɗaya zai ci dannawa kusan 500, kuma ƙyauren da ke buɗe wa haske a ƙananan kyamarori an ƙiyasta masa kusan 100,000 ne. Waya fa? Wadda ke da saitin hannu, in an kafa ta da kyau, za ta kama Majarra da ɗigon Andromeda, irin su Pixel ma suna tara hotuna da kansu na kusan minti huɗu. Ta isa a koyi sama da ita, amma ƙaramin idonta ba zai ba da hannayen galaksi ba.

Matsalar da ta haifi duk dabarun wannan aiki ita ce duniya ba ta tsayawa. Tana juya digiri 15 a kowace awa, don haka in aka bar ƙyaure a buɗe minti biyar taurari za su koma zare-zare. Akwai tsohuwar ƙa'ida: a raba 500 da tsawon lens, abin da ya fito shi ne daƙiƙoƙin da za a iya buɗewa. A kyamarori masu ƙaramar sensa sai an fara ninka tsawon da 1.5 ko 1.6, saboda haka lens mai 50 zai ba da kusan daƙiƙa 6. A ganina ƙa'idar ta cika sassauci ga kyamarorin yau. A ɗauki rabinta, daƙiƙa 3 ga mai 50, daƙiƙa 1 ga mai 135. Hoton daƙiƙa 3 kuwa abin tausayi ne, baƙi, cike da yashi-yashi, Andromeda ɗan tabo a tsakiya. Shi ya sa ɗaruruwa ake ɗauka, kwamfuta ta daidaita taurarin kowanne a kan na ɗan'uwansa, ta haɗe su. Aikin kamar kala ne a gonar gyaɗa: a kowane damƙi ƙasa ta fi ƙwaya yawa, amma in an dage mudu kan cika. Abin da ya sa haɗawar ke aiki shi ne hasken galaksi wuri ɗaya yake faɗawa a kowane hoto, yashin kuwa kowane hoto da inda nasa ya faɗa, sai na farko ya riƙa taruwa, na biyu ya riƙa kashe juna. Sai dai ribar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan hotuna. Guda 100 za su ninka tsabta sau 10, amma kafin a kai sau 20 sai an ɗauki 400. Wannan lissafin ne ke nuna wa mutum inda zai tsaya. Tsakanin 300 da 500 a dare ɗaya, wato minti 15 zuwa 25 na haske, sun isa a ga cibiyar Andromeda da faifanta da ɗigon M110, ƙaramin galaksin da ke raka ta.

Ga yadda daren ke tafiya. A farkon Nuwamba, wajen ƙarfe goma, ka fuskanci arewa. Za ka ga taurari biyar masu haske sun yi siffar harafin M, su ne Cassiopeia. Miƙa hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Daga tauraron da ke ƙololuwar hagu ta M ɗin ka hau dunƙule ɗaya da rabi, za ka ga wani ɗan tabo fari-fari, wanda ya fi fitowa in ka kalle shi ta gefen ido. Manhajar Stellarium, wadda kyauta ce a kwamfuta kuma akwai ta a waya, za ta tabbatar maka. Kafin ka juya kyamara can, gyara fokas, domin a nan yawancin masu farawa ke asarar darensu. Kashe fokas mai sarrafa kansa, ka nufi tauraro mai haske, ka kunna allon baya ka zuƙo shi sau goma, sannan ka murɗa zoben lens a hankali. Tauraron zai kumbura ya zama ƙwallo, ya tsuke, ya sake kumbura. Inda ya fi ƙanƙanta, inda ƙananan taurarin da ba a gani ɗazu suka ɓullo kewaye da shi, nan ne wurin. Manna salatif a kan zoben kada ya motsa, kuma kada ka dogara da alamar da aka zana a jikin lens. Sa ISO a 1600 ko 3200, ka ɗan tsuke lens daga f/1.8 zuwa f/2.5 ko f/2.8 don taurarin gefe su daina yin fiffike, ka kashe abin hana girgiza da abin rage yashi na cikin kyamara. Sa Andromeda a tsakiya, ka saki rimot. Bayan kowane hoto 100 ka dawo da ita tsakiya, ka haska gilashin lens da jar tocila ka duba raɓa, domin da kaka tana sauka sosai, balle kusa da fadama ko dam. Kwalin da aka naɗe ya zama bututu a bakin lens yana jinkirta ta.

Kafin a naɗe kaya akwai hotuna iri uku da ba na sama ba, waɗanda gajiya kan sa a tsallake, kuma bai kamata ba. Na farko, a rufe lens da murfinsa a ɗauki 30 zuwa 50 da saitin da aka yi aiki da shi, nan take kafin ɗumin kyamara ya sauya. Su ne ke nuna hasken ƙaryar da sensa ke haifarwa saboda zafi, wanda ke ƙaruwa ƙwarai a dararen bazara. Na biyu, murfin na nan a rufe, a ɗauki wasu kamar haka da mafi gajeren lokacin da kyamara ke iyawa. Na uku, ba tare da an taɓa fokas ko buɗewar lens ba, a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a bakinsa, a nufi farin allon kwamfuta ko sama bayan gari ya waye, a ɗauki 20 ko 30 masu matsakaicin haske. Waɗannan ke nuna duhun kusurwoyi da inuwar kowace ƙwayar ƙura da ta kwanta a kan sensa, kuma a ƙasar da ke shan hunturu babu kyamarar da ta tsira daga ƙura. Daga nan sai kwamfuta. DeepSkyStacker da Siril duk kyauta ne, kuma tsohuwar laftof za ta iya, illa dai ta ja lokaci. Manhajar za ta cire abin da hotunan nan iri uku suka nuna, ta watsar da waɗanda suka girgiza, ta share layin jirgi ko na tauraron ɗan adam, ta haɗe sauran. Abin da zai fito kusan baƙi ƙirin ne, kada gaba ya faɗi. Hasken yana nan a takure a ƙasan ma'auni, sai an ja shi kaɗan-kaɗan, ana cire hasken gari da ya karkata a bayan hoton, har faifan ya bayyana. A daina ja da zarar yashi ya fara dawowa, kuma kada a mai da sama baƙa wuluk, domin cikin wannan toka-tokar gefen galaksin yake.

A nan wani zai ce ai wannan haɗi ne, kwamfuta ce ta zana. Tambayar ta dace, musamman yanzu da manhajoji ke ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Amsar tana cikin abin da aka yi wa hoton. Haɗa hotuna 400 ɗaukar matsakaicin awo 400 ne da aka yi wa abu ɗaya, ja kuma ƙara wa abin da ke nan ƙarfi ne. Babu ɗigon da aka shigo da shi daga waje, kuma shaida ita ce wani a Maraɗi ko a Japan, da wata kyamara dabam, zai samu baƙaƙen layukan ƙurar Andromeda iri ɗaya a wuri ɗaya. An ƙetare iyaka ne a inda manhaja ta fara cike gurbi da abin da ta koya daga hotunan wasu. Wanda ya yi haka ya faɗa. Kowa kuma ya adana ɗanyun hotunansa, ya rubuta kwanan wata da saiti da adadi.

Akwai jayayyar da ta fi wannan nauyi, kuma dole a sallama mata. Gajerun hotuna suna biyan haraji: duk lokacin da sensa ta karanta hoto tana ƙara nata ɗan yashin, kuma a sama mai duhu sosai wannan yashin ne ke rinjaye. Hoto 20 na minti ɗai-ɗai sun fi 400 na daƙiƙa uku-uku, ko da jimillar lokacin ɗaya ce. Ma'ana, duhun Gude ba zai ba da duk amfaninsa ba sai kyamara ta bi taurari. Amma wannan bai kai mu shagon madubin hangen nesa ba, wurin kafinta ya kai mu. A 1975 wani mutumin Sikotilan, George Haig, ya wallafa wata dabara a mujallar Sky & Telescope: katako biyu a haɗa su da hinji, kyamara a kan na sama bisa ɗan kai mai juyawa, dogon sukuru ya ratso na ƙasa yana ɗaga na sama a hankali. In sukurun irin M6 ne, mai tafiyar milimita ɗaya a kowane zagaye, a huda raminsa milimita 228.5 daga tsakiyar sandar hinjin, a riƙa juya shi zagaye ɗaya a minti ɗaya, to katakon zai buɗe daidai da gudun sama. Sandar hinji dole ta nufi Polaris, kuma a nan abin ya zo mana da sauƙi: a yanka katako mai gangaren digiri 12 a ɗora na'urar a kai, hinji ta yamma, sukuru ta gabas. In hazo ya ɓoye Polaris, a kafa sanda a tsaye da rana, a ja layi a kan inuwarta lokacin da ta fi gajarta, wato daidai zawali. Da kaka da hunturu wannan layin arewa sak yake nunawa. A ɗaura wa sukurun ɗan hannu, a riƙa juya shi sannu ba tsayawa yana tafiya tare da tsinken daƙiƙa na agogo, kuma duk bayan kamar minti goma a mayar da shi farko, domin miƙaƙƙen sukuru yana fara kauce wa lissafi in katako ya buɗe da yawa. Da lens mai 50 da hannu marar rawa, rabin minti zuwa minti ɗaya abu ne mai yiwuwa.

Saura abin da ba na kyamara ba. Mutum a bayan gari da tsakar dare, da jar fitila da wani abu mai ƙafa uku yana nuna sama, abin zargi ne ko'ina, balle a yankin da ke kusa da iyakar Katsina a irin wannan zamani. A yi aiki a tsakar gida, ko kan soro, ko filin makarantar da ke cikin gari, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, a fita mutum biyu ko uku, a sa rufaffen takalmi saboda kunama da maciji. Ƙarin duhun da za a samu a daji bai kai haɗarinsa ba. Wasu kuma za su danganta abin da bokanci. Bambancin a fili yake. Boka da'awar karanta ƙaddarar mutum a taurari yake yi, mai hoto kuwa awon haske yake yi, kuma aikinsa ɗan'uwan na masu neman jinjirin wata ne, da masu lissafin lokutan salla da alƙibla, da manoman da ke ƙirga damina da taurari. Abin da ya fi saurin kashe zargi shi ne a nuna wa dattawan unguwa allon kyamara, su ga Kaza da 'Ya'yanta da suka sani tun suna yara, yanzu da ɗaruruwan 'ya'ya.

Mai cewa me za a ƙara a kan hotunan Hubble da James Webb ya manta cewa manyan na'urorin nan ɗan ƙaramin wuri suke kallo a lokaci guda, kuma layi ake bi kafin a samu awa ɗaya a kansu. Masu sha'awa ne ke da yawan idanu da yawan darare. A Satumbar 2016 Victor Buso, mai gyaran makulli a birnin Rosario na Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara a kan galaksin NGC 613 ya kama farkon fashewar wani tauraro, abin da ƙwararru suka daɗe suna nema. A Mayun 2023 Koichi Itagaki na Japan ya gano wata fashewar a galaksin M101. A farkon shekarar kuma aka sanar da wani ƙaton baka na iskar gas a gefen Andromeda kanta, wanda wasu masu sha'awa uku daga Faransa da Jamus suka gano bayan tara hasken awanni masu yawa, a wurin da aka fi shekara ɗari ana ɗauka. Waɗannan da madubai da kayan musamman suka yi aiki, kuma babu mai cewa lens mai 50 zai yi irinsa. Amma kowannensu ya rigayi ƙwararru ne da yawan zama ƙarƙashin sama.

Bayan Andromeda sai gajimaren Orion, M42, inda ake haifar sababbin taurari a nisan kusan shekarar haske 1,350. Haskensa ya isa har gajerun hotuna su nuna jan launinsa. A daren da ake ɗaukar Andromeda, in aka juya kudu, akwai galaksin NGC 253 da Caroline Herschel ta gano a 1783, sai dai yana son lens mai 200. A Afrilu da Mayu Omega Centauri da galaksin Centaurus A, da ke digiri huɗu da rabi a samansa, suna shiga hoto ɗaya da lens mai 135. Tsakiyar Majarra kuma ana iya kama ta a gefen damina, kafin asuba a Maris da Afrilu, ko bayan isha'i a farkon Oktoba ta kudu maso yamma. Ƙananan galaksi irin M51 da M104, waɗanda ba su kai rabin faɗin wata ba, su ne suke neman madubin hangen nesa da gaske. Ko a nan ma in kuɗi ya samu a fara sayen na'ura mai inji da ke bin taurari, sannan dogon lens, madubi ya zo ƙarshe. Kuma kafin a biya kuɗin jirgi a duba takardar na'urar da kyau, domin da yawa an ƙera su ne don Turai da Amurka, inda Polaris ke can sama. A digiri 12 wasu ba sa iya sunkuyawa isasshe, wasu kuma ƙarfen da ke daidaita nauyinsu yana bugun ƙafar istan. A nemi wadda aka rubuta tana sauka ƙasa da digiri 12.